Alamomin Tsara Rubutu da Littafin Jagorar Manhaja: Ina Matsayin Hausa?

Gabatarwa

Kowace manhaja tana buƙatar littafin jagora da zai bayyana yadda ake girka ta da yadda ake aiki da ita. A fagen buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke da izinin duba tushensu ya gyara, akasari ana rubuta irin wannan littafi a zallar rubutu, ana sanya ƴan alamomi da ke nuna take da jeri da kalmar da za a jaddada. Wannan maƙala za ta duba waɗannan alamomi, sannan ta nuna wuraren da suke karo da ƙa'idojin rubutun Hausa, domin a nan ne ɗalibin kimiyyar harshe yake da ta cewa.

Tsare-tsaren da aka fi amfani da su

Mafi shahara shi ne Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004. A cikinsa, alamar # a farkon layi tana mayar da layin take, kalmar da aka sa tsakanin taurari biyu kuma tana fitowa a karkace. Akwai kuma reStructuredText na David Goodger, wanda Sphinx, da Georg Brandl ya samar a 2008, yake karantawa ya fitar da shafin intanet ko littafin bugawa daga fayil guda. Pandoc na John MacFarlane, wanda ya fito a 2006, aikinsa juya rubutu daga wani tsari zuwa wani. Da yake duk zallar rubutu ne, ana ajiye su a Git, inda ake ganin wanda ya sauya kowane layi da ranar da ya sauya shi.

Batun bai yi nisa da mu ba. QGIS ta zana taswira da ODK ta tattara bayanai da wayar hannu duk buɗaɗɗun manhajoji ne, kuma da Sphinx ake haɗa littattafansu. Irinsu ne za su amfani mai auna filayen da aka farfaɗo da su a Keita tun aikin da aka soma a 1984, ko malamin gona mai ƙidayar manoman albasa a Madawa, ko ma'aikacin lafiya a Urno da Buza. Tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, buƙatar irin waɗannan littattafai da Hausa za ta ƙaru.

Baƙaƙe masu ƙugiya da alhamza

Unikod ya bai wa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ lambobinsu, manya da ƙanana, don haka fayil ɗin da aka ajiye a tsarin UTF-8 ba zai rikita baki da baƙi ba. Matsalar tana ga sauti guda mai rubutu biyu: ƙa'idar da Nijar ta tabbatar a 1999 tana rubuta ƴa, Nijeriya kuwa 'ya. Sphinx da Pandoc suna da ɗabi'ar ƙawata alamomin zance, sai su ɗauki ɗigon da ke gaban 'y a matsayin buɗe zancen wani, su juya shi. Haka alhamzar da ke cikin sa'a da ma'ana take iya fitowa da siffofi uku masu kama a ido, alhali a wurin kwamfuta haruffa ne daban-daban, kuma mai neman kalma zai samu wasu ya rasa wasu. Mafita ita ce a kashe wannan ƙawatawa, a tsayar da siffa guda. Siffar U+02BC ta fi dacewa, domin Unikod yana lissafa ta cikin haruffa, saboda haka ba ta raba kalma gida biyu. Sannan a lakafta fassarar da ha-NE ko ha-NG, don a san ƙa'idar da aka bi.

Tauraro da karin sauti

A nazarin ginin jumla, tauraro yana nuna jumlar da nahawu bai yarda da ita ba, kamar *yarinya ya zo. A Markdown kuwa, tauraro a farkon layi mai biye da tazara alamar jeri ce. Sai tauraron ya ɓace, gurɓatacciyar jumla ta fito tamkar karɓaɓɓiya. reStructuredText shi kuma zai yi gargaɗin cewa an buɗe jaddadawa ba a rufe ba. Maganin duka biyun shi ne sanya alamar \ kafin tauraron.

Karin sauti ma yana da nasa tarko. Harafin à yana da lamba guda, amma ana iya gina shi da lambobi biyu, wasali da alamar da ke hawa kansa. Dogon wasalin nan mai karin ƙasa, ā̀, da r̃ mai kaɗawa, ba su da lamba guda ko kaɗan. Wajibi ne a daidaita fayilolin a tsarin NFC, a kuma zaɓi fasalin haruffa mai iya ɗora alama bisa alama, kamar Charis SIL.

Karin harshe

Mutanen Adar, waɗanda Bernard Caron ya nazarci Hausarsu a littafinsa na 1991, suna cewa tahi da hita inda daidaitacciyar Hausa ke rubuta tafi da fita. Idan maɓallin da ke fuskar waya yana ɗauke da Fita, dole littafin ya rubuta Fita, ko da mai karatu zai furta hita, in ba haka ba zai yi ta neman abin da babu. Sphinx yana ba da damar gina ƙaramin ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi, kowace kalma ta haɗu da ma'anarta duk inda ta fito. A can ne ya dace a kawo lafazin yanki.

Kammalawa

Waɗanda suka ƙera waɗannan kayan aiki sun gina su ne a kan Ingilishi, kuma abin da suka saba yi da kansu ba koyaushe yake dacewa da Hausa ba. Kafin a fassara ko shafi ɗaya, ya kamata a rubuta gajeren jagoran salo da zai fayyace ƙa'idar rubutu, siffar alhamza, tsarin daidaita haruffa da jerin kalmomi. Wannan aikin masana harshe ne, kuma ɗalibi a Tawa ko Yamai zai iya fara shi da kwamfuta ɗaya da yinin koyon Markdown.