Ƙofar da ƙwayar maleriya ba ta iya kauce wa

Yau shirin namu cikin jini zai leƙa.

Idan sauro mai ɗauke da maleriya ya ciji mutum, hanta ƙwayar cutar take fara nufa. Can take yin kamar mako guda tana hayayyafa, mutum yana harkokinsa bai ji ko ciwon kai ba. Daga nan sai dubbanta su fantsamo cikin jini, kowace tana neman jar ƙwayar jinin da za ta shige, domin in ta daɗe a waje garkuwar jiki za ta gama da ita.

Da ta ci karo da jar ƙwaya sai ta manne mata, ta mirgina har tsininta ya kafu a jikin fatar, ta riƙe gam, ta kutsa ciki, ta rufe ramin a bayanta. Duk wannan bai cika minti ɗaya ba. Bayan sa'o'i 48 jar ƙwayar ta fashe, sababbi 16 ko fiye su fito neman wasu. Wannan fashewar ce ke kawo rawar ɗari da zafin jikin da iyaye mata suka sani sarai a damina.

To, da me take riƙewa? A jikin jar ƙwaya akwai nau'o'in furotin, ita kuma cutar tana da nata da suka dace da su, tamkar makulli da kwaɗo. Nau'in maleriya mai suna vivax da furotin Duffy ya dogara. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma, har da mu, ba mu da shi a jajayen ƙwayoyinmu, shi ya sa vivax bai cika damunmu ba. Wanda ke kashe mana yara, wato falciparum, ya fi wayo: in aka toshe masa hanya ɗaya sai ya bi wata. Wannan ya daɗe yana wahalar da masu neman rigakafi.

A 2011 masana a cibiyar Sanger da ke Ingila suka gano inda wayon nasa ya ƙare. Furotinsa mai suna RH5 dole ne ya kama wani da ake kira basigin a jikin jar ƙwaya. Duk irin falciparum da suka gwada, da zarar an hana wannan haɗuwar, shiga ta gagara.

Jami'ar Oxford ta haɗa allura a kan RH5, aka gwada ta a kan yara 'yan wata 5 zuwa 17 a Nanoro ta Burkina Faso. Sakamakon da ya fito a ƙarshen 2024 ya nuna kariya ta kashi 55 cikin 100 a tsawon wata shida. Wani zai ce ai rabi ne da ɗoriya. A ganinmu ba abin rainawa ba ne. Allurar R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, tun kafin ƙwayar ta zauna a hanta take tare ta, amma wadda ta kuɓuce ta isa jini ba mai tsare ta. A wannan gurbin ake son RH5 ta tsaya, in gwaje-gwajen gaba suka yi kyau.