Lissafin Da Ba A Neman Amsarsa: Abin Da Ke Kā Da Ɗalibai

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, matasan wannan yanki da yawa ke shiga jarrabawar neman aiki ko ta ƙaro ilmi. A nan suke cin karo da wani irin lissafi wanda ake samu a jarrabawar GMAT ta Amurka, wadda aka fara a 1954 domin masu son karatun harkar kasuwanci.

Shi wannan lissafi ba amsa ake nema ba. Akan ba ɗalibi tambaya da bayani guda biyu, a ce ya faɗi ko bayani ɗaya ya wadatar, ko sai an haɗa su, ko kuwa duka biyun sun gaza.

Ga misali. Wani ɗan kasuwa a Shuwarin yana sayar da dabino da riɗi kawai. Nawa ne cinikinsa na dabino? Bayani na farko: kuɗin dabino kashi 2 ne cikin 5 na duk cinikin. Bayani na biyu: cinikin riɗi N600,000 ne.

To, na farko shi kaɗai bai isa ba, domin ba a san jimillar cinikin ba. Na biyu ma bai ce kome a kan dabino ba. Amma in an haɗa su, riɗi shi ne kashi 3 da suka rage, wato kowane kashi N200,000, dabino kuwa N400,000.

Tarkon da ke kā da ɗalibai shi ne gaggawa. Da an ce rabin buhunan da aka sayar na dabino ne, sai wani ya ɗauka rabin kuɗin ma na dabino ne, alhali kuwa farashin buhunan ba ɗaya ba ne. Kason kaya daban, kason kuɗi daban.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malamin rabon gado ya san matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, amma ba ya faɗin adadinsa sai an ƙidaya dukiyar, an fitar da bashi da wasiyya.

Haka nan ma'aikacin da aka kawo wa rahoto cewa harajin kasuwa ya ƙaru da sulusi, wajibi ne ya tambaya: sulusin nawa? In bai ga adadin bara a rubuce ba, kada ya sa hannu, domin dukiyar jama'a ce.