Ko Kun Sani?

Wasan kwaikwayon The Crucible, wanda Arthur Miller ya fitar a 1953, labarin shari'ar mayu ne a garin Salem na Amurka, inda aka rataye mutum 19 a 1692. Abin takaici, wanda ya amsa maita ko da ƙarya ce ya tsira, mai dagewa kan gaskiyarsa ya sha igiya.

Da biyu Miller ya rubuta shi. Habaici ne ga zamanin Sanata McCarthy, lokacin da ake farautar 'yan kwaminisanci, ana matsa wa mutum ya tona abokansa.

A 1956 wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya titsiye Miller kansa, ya ƙi ambaton kowa. Aka same shi da laifin raina majalisa, sai 1958 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi.