Layi uku da suka nuna mana yaran da ba su da takardar haihuwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin CM2 a New Bell ya san tashin hankalin lokacin rajistar jarrabawar CEP. Kowane yaro sai an haɗa masa takardar haihuwa. A makarantarmu muna ɗaukar hoton takardun mu adana a kwamfuta, amma shekara da shekaru kowa na zubawa inda ya ga dama: wasu a babban faifai, wasu a filashi, wasu a cikin jakar da aka sa wa suna "sabo".

Bana na zauna da jerin sunayen ajina ina nema ɗaya bayan ɗaya. Har aka kira la'asar ban kai rabi ba. Wani ƙanena mai gyaran kwamfuta a wajen Kasuwar Kongo ya ce, "Yaya, wannan ai aikin minti ɗaya ne." Ya tara komai a jaka guda mai suna takardu, ya zuba sunayen a fayil, kowane suna a layinsa, sannan ya rubuta:

while read -r suna; do
find takardu -iname "*$suna*" | grep -q . || echo "BABU: $suna"
done < sunaye.txt

Ma'anarsa a sauƙaƙe: ɗauki suna, duba jakar da duk jakunkunan da ke cikinta, in ba ka samu ba ka rubuta BABU, ka wuce na gaba. Manhajar da ke karanta wannan umarni ita ce Bash, wadda ta fito a 1989, kuma kyauta ce. Tana zuwa da Linux. Mai Windows zai iya sa Git Bash, mai wayar Android kuma Termux.

To amma fa kwamfuta ba ta san mutane ba, haruffa ta sani. Yaron da muke kira Usman, a takardarsa Ousmanou ne. A'ishatu kuma Aïssatou. Kalmar iname tana yafe bambancin babban baƙi da ƙarami, amma ba ta yafe ɗigo biyun nan na Faransanci. Don haka a kwafi suna yadda yake a takarda. Kada a cire alamomin zance da ke kewaye da $suna, in ba haka ba suna mai kalma biyu zai rikita umarnin. In an rubuta jerin a Windows, akwai ɓoyayyen harafi a ƙarshen kowane layi da zai sa a ce kowa BABU. Dos2unix na share shi. Sannan 'yan aji biyu masu suna ɗaya, takardar ɗaya za ta rufa wa ɗayan asiri, sai malam ya duba da idonsa.

Da muka gyara rubutun sunayen, BABU huɗu suka rage. Biyu an manta ne ba a ɗauki hoton ba. Biyun kuwa ba a taɓa yi musu takardar ba sam, kuma wanda lokacin rajistar haihuwarsa ya wuce sai an bi ta kotu, abin da ba ya ƙarewa a kwana biyu. Ran nan bayan isha'i na je gidajen iyayensu.

Malamai 'yan'uwana, ku gwada wannan tun farkon shekarar karatu. Iyaye kuma, don Allah, a yi wa jariri takarda tun ana shirin suna.