An Ce Cikinki Bai Kai Kwanakinsa Ba? Kada Ki Yi Gaggawar Wankin Ciki

Uwargida, kin je hoton ciki da murnarki, a lissafinki ciki ya kai sati takwas, sai mai hoto ya ce abin da ya gani bai wuce na sati biyar ba. Ko kuma ya ce jaka kawai ya gani, babu ɗa a ciki, ki dawo bayan sati biyu. Mata da yawa daga nan suke fara kuka tun a bakin ƙofa. Ki ɗan dakata, domin hoto guda ɗaya a farkon ciki sau da yawa ba ya isa a yanke hukunci da shi.

Jakar da ake magana ita ce abu na farko da ake iya gani a mahaifa, wajen sati na biyar. A lokacin ba ta fi ƙwayar dawa ba. Bayan 'yan kwanaki sai wani ɗan zobe ya bayyana a cikinta, shi ke ciyar da ɗan tayi kafin mabiyiya ta karɓi aikin. Wajen sati na shida ake fara ganin ɗan tayin da bugun zuciyarsa. Jakar kan ƙaru da kimanin milimita 1 kowace rana. Sai dai wannan lissafin na hoton da ake yi ta gaba ne. Wanda ake gogawa a kan mara, wanda shi aka fi yi mana, yakan makara da kusan sati guda kafin ya nuna abu ɗaya. Na san kunya kan hana mu yarda da na gaban, amma ba ya cutar da ciki, kuma kina da damar neman mace ta yi miki.

Babban abin da ke sa a ga ciki ya yi ƙanƙanta shi ne lissafi. Asibiti na ƙirga ciki ne daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, bisa zaton kina yin al'ada duk kwana 28, ƙwai kuma na fita a rana ta 14. Mu nawa ne haka? Mai shayarwa da ta samu ciki al'ada ba ta gama daidaita ba, da wadda ta daina allurar tazarar haihuwa, da mai al'adar da ke tsallake wata, duk ƙwansu na iya fita a makare da sati ɗaya ko biyu. Ga kuma mu da in an tambaye mu rana sai mu ce "wajen bayan Sallah ne". Cikin irin waɗannan lafiyarsa lau, ƙidayar ce ta yi gaba ta bar shi.

Saboda haka likitoci suke da ma'auni. Ba a cewa ciki ya lalace sai jakar ta kai milimita 25 babu ɗan tayi a ciki, ko ɗan tayin ya kai tsawon milimita 7 babu bugun zuciya. A da a Ingila da milimita 20 da 6 ake aiki, aka ɗaga su a 2011 bayan bincike ya nuna masu hoto biyu na iya auna jaka ɗaya su samu lamba daban, har a wanke cikin da zai iya rayuwa. Idan naki bai kai waɗannan lambobi ba, sake hoto ake yi: bayan kwana 14 in jakar wayam take, bayan kwana 11 in an ga zoben nan. Ki duba takardarki, ki tambayi lambar da aka rubuta, kuma in da hali ki koma wurin da aka yi na farko don a gwada da shi. Zuwa hoto duk bayan kwana biyu a wurare daban-daban ba abin da zai ƙara miki sai ruɗani da kashe kuɗi.

Jiran nan da wuya, ba na musu. Ki ci gaba da shan folik asid, ki kwana cikin gidan sauro, in kin ji zazzaɓi ki je a gwada jini maimakon aika yaro kemis. Kwanciya a gado dare da rana ba a tabbatar tana hana ɓari ba. Maganin riƙe ciki na progesterone kuwa yana da gurbinsa, musamman ga mai zubar jini wadda ta taɓa yin ɓari, amma likita ne zai rubuta, kuma ba ya tayar da cikin da ya riga ya tsaya. Kada laulayi ko tsinken gwajin fitsari su zame miki hujja: sinadarin da ke sa layi biyu ya fito yana iya ci gaba da zama a jiki ko da ɗan tayin ya daina girma, haka kuma raguwar laulayi ba ta nufin ciki ya lalace.

Idan hoto na biyu ya tabbatar ciki ya tsaya, ki sani aƙalla ɗaya cikin kowane ciki goma da aka san da shi yana ƙarewa da ɓari, kuma kusan rabin ɓarin farkon ciki daga tangarɗar ƙwayoyin halitta ne tun ranar da aka yi cikin. Ba dakan da kika yi ba ne, ba ɗiban ruwa ba, ba kwanciyar aure ba. Ciwon suga da ba a kula da shi ba da ƙaruwar shekaru kan ƙara haɗarin, shi ya sa in ɓarin ya maimaitu ake bincike.

A nan ne iyaye kan ce ciki kwanciya ya yi, a bar shi zai tashi, a kawo jiƙe-jiƙen tayar da shi. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, kuma wataƙila sun ga wadda aka ce nata ya yi ƙanƙanta ta zo ta haihu lafiya, wato mai kuskuren lissafi. Amma wanda aka tabbatar ya tsaya ba ya ci gaba, barinsa wata da watanni kuma na iya jawo zubar jini ko ƙwayoyin cuta a mahaifa. Likita zai ba ki zaɓi: a jira ya fita da kansa ana sa ido, ko a ba ki magani, ko a yi wankin ciki. Ki tambayi rukunin jininki. In nagetif ne, ki yi maganar allurar anti-D kafin ki bar asibiti.

Akwai kuma abin da ba ya jiran ranar komawa hoto. Ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe guda, jiri ko suma, ciwo a kan kafaɗa, jinin da ke jiƙa audugar mata cikin sa'a guda, zazzaɓi ko ruwa mai wari. Wasu daga ciki alamun ciki ne da ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan fashe ya zubar da jini a cikin ciki. Ko tsakar dare ne, ki tashi maigida ku tafi asibiti, takardar hoton farko a hannunki.