Ƙasar Sin: Kwaminisanci Ne Ko Jari-Hujja?

Duk wanda ya leƙa kasuwa ya ɗauki tocila, ko wayar hannu, ko takalmin roba, ya juya bayansa, galibi zai tarar a ƙasar Sin aka yi shi. Amma a darasin tarihi an koya mana cewa Sin ƙasar 'yan kwaminis ce, su kuwa 'yan kwaminis ba su ga-maciji da masu jari. To, yaya aka yi ƙasar da ta ɗauki alkawarin kawar da masu jari ta cika kasuwannin duniya da kayanta, har tana da attajirai masu dubban miliyoyin daloli? Wannan ita ce tambayar da muke so mu warware a nan.

Ma'anar Kalmomin

Jari-hujja shi ne tsarin da mutum ke mallakar gona ko kanti ko masana'anta, ya ɗauki ma'aikata ya biya su lada. In riba ta zo tasa ce, in hasara ce ma tasa ce, kuma ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa ne ke tsai da farashi.

A shekarar 1848 wani Bajamushe mai suna Karl Marx da abokinsa Friedrich Engels suka fitar da wani ɗan littafi suna sukar wannan tsari. A ganinsu ma'aikaci ke zub da gumi, mai jari ke kwashe riba, watau kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganin da suka kawo shi ne a mai da gonaki da masana'antu mallakar jama'a duka. Mabiyansu suna kiran zangon farko na wannan tafiya gurguzu. Ƙarshen tafiyar kuwa shi ne kwaminisanci, sa'ad da ba sauran mai gida da bara, kowa ya yi aiki gwargwadon ƙarfinsa, ya sami abin biyan bukatarsa.

Akwai tsari na uku, wanda masana ke kira jari-hujja na gwamnati. A nan akwai kasuwa, akwai riba, akwai albashi, amma gwamnati da kanta ita ce babbar mai jari, ita ce kuma ke nuna wa sauran masu jari inda za su bi. Lenin, wanda ya jagoranci juyin Rasha na 1917, ya yi amfani da wannan suna, musamman bayan 1921 da yunwa ta tilasta masa ƙyale manoma su sayar da rarar hatsinsu.

Zamanin Mao

An kafa Jam'iyyar Kwaminis ta Sin a birnin Shanghai a 1921. Ranar 1 ga Oktoba 1949, bayan doguwar gwagwarmaya da yaƙin basasa, shugabanta Mao Zedong ya yi shelar sabuwar jamhuriya a Beijing. Aka ƙwace filaye daga hannun masu manyan gonaki aka raba wa talakawa, daga baya aka haɗe su suka zama gandun jama'a. Masana'antu da bankuna suka koma hannun hukuma, ita ke faɗin abin da za a shuka, da abin da za a ƙera, da kuɗin da za a sayar.

A 1958 Mao ya so ƙasar ta kamo Turai cikin 'yan shekaru. Aka tara ƙauyuka cikin manyan gandaye, ana cin abinci a wuri ɗaya. Aka sa manoma narka tukwane da kayan noma a bayan gida domin a sami ƙarfe. Ma'aikatan hukuma, don tsoron laifi, suka riƙa aika rahoton amfanin gona fiye da abin da aka girbe, gwamnati kuwa ta karɓi rabonta bisa lissafin ƙarya. Yunwar da ta biyo baya daga 1959 zuwa 1961 ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Ƙiyasin masana ya kama daga miliyan 15 har zuwa fiye da miliyan 40. Gaskiya ne a zamanin Mao karatu da kiwon lafiya sun yaɗu cikin ƙauyuka, amma sa'ad da ya rasu a 1976 yawancin Sinawa matalauta ne ƙwarai.

Da Kiɗa Ya Canja

A ƙarshen 1978 manoma 18 na ƙauyen Xiaogang, a lardin Anhui, suka taru a ɓoye suka dangwala yatsa a kan wata takarda. Suka yarda za su raba gandun ƙauyen gida-gida, kowa ya biya hukuma rabonta, abin da ya rage nasa ne. Suka kuma yi alkawari in aka kama wani, sauran za su riƙe masa 'ya'yansa. Girbin da ya biyo baya ya ninka na shekarun baya. A watan Disamba na wannan shekara jam'iyya, a ƙarƙashin jagorancin Deng Xiaoping, ta yanke shawarar gyara tattalin arziki, daga baya ta amince da dabarar manoman a ƙasa duka. Hatsin da Sin ke samu ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa tan miliyan 407 a 1984. Gonakin ba su canja ba, manoman ma su ne. Babban bambancin shi ne yanzu manomi ya san rarar tasa ce.

An san Deng da karin maganar nan cewa ba a damu da launin kyanwa ba, in dai tana kama ɓera. A 1980 aka keɓe wurare huɗu a bakin teku, wato Shenzhen, Zhuhai, Shantou da Xiamen, inda baƙi za su kafa masana'antu da rangwamen haraji. Shenzhen, wadda ƙaramin gari ce a lokacin, ƙidayar 2020 ta same ta da mutum fiye da miliyan 17. Aka buɗe kasuwar hannun jari a Shanghai a 1990. A ƙarshen shekarun 1990 aka rufe ko aka sayar da dubban ƙananan kamfanonin gwamnati, miliyoyin ma'aikata suka rasa aikin da suka ɗauka na har abada ne. A 2001 Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 2002 aka buɗe wa masu kamfanoni ƙofar shiga jam'iyya, a 2004 kuma tsarin mulki ya amince da kare dukiyar mutum ta halal. Ya zuwa 2010 Sin ta wuce Japan, ta zama ta biyu a ƙarfin arziki bayan Amurka.

Abin Da Gwamnati Ba Ta Saki Ba

Wanda ya tsaya a nan zai ce Sin ta zama 'yar jari-hujja sak. Sai dai akwai abubuwan da hukuma ta riƙe gam.

Na farko, ƙasa. Bisa tsarin mulki, filayen birane na gwamnati ne, na karkara kuwa na jama'ar ƙauye ne a haɗe. Wanda ya sayi gida a birni, izinin amfani da filin na shekara 70 ya saya. Na biyu, kuɗi. Manyan bankunan ƙasar duka na gwamnati ne, saboda haka tana da ikon karkata rance zuwa inda take so. Na uku, manyan sana'o'i irin su man fetur, wutar lantarki, jirgin ƙasa da layukan waya. Kamfanonin gwamnati ne ke riƙe da su, jam'iyya ce kuma ke naɗa shugabanninsu. Na huɗu, tsari. Tun 1953 ƙasar ke tafiya bisa shirin shekara biyar-biyar. Bugu da ƙari, doka ta tanadi a kafa reshen jam'iyya cikin kamfani, ko da na ɗan kasuwa ne, in akwai 'ya'yanta uku a ciki.

Wani dattijon jam'iyyar mai suna Chen Yun ya kwatanta abin da tsuntsu da keji. In ka damƙe tsuntsu a hannu zai mutu, in ka sake shi zai tsere, don haka sai a sa shi cikin keji. Tun daga lokacin kejin ya yi faɗi ƙwarai. A 2018 shugaba Xi Jinping da kansa ya ce kamfanoni masu zaman kansu ne ke samar da fiye da kashi 60 cikin 100 na arzikin ƙasar, da fiye da kashi 80 na ayyukan yi a birane. Duk da haka mabuɗin kejin yana hannun jam'iyya. Jack Ma, tsohon malamin Turanci wanda ya kafa kamfanin Alibaba a 1999, ya soki hukumomin kuɗi a wani jawabi cikin Oktoban 2020. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfaninsa na Ant, a 2021 kuma aka ci Alibaba tarar kimanin dala biliyan 2.8. A wannan shekarar ce aka hana kamfanoni neman riba da koyar da 'yan makaranta manyan darussa bayan an tashi, sana'ar da dubban mutane ke ci da ita ta durƙushe nan take.

Wannan tsari ya iso har ƙofar gidanmu. Kamfanin CCECC da ya shimfiɗa layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, na gwamnatin Sin ne, haka ma bankin da ya ba da rancen dala miliyan 500 domin aikin. Matatar mai ta Damagaram a Nijar, wadda ta fara aiki a 2011, kamfanin CNPC na gwamnatin Sin ne ya gina ta. Ashe ƙasar da ta ƙulla irin wannan ciniki, da ɗan kasuwa da gwamnati take ciniki a lokaci guda.

Riba Da Hasara

A 2022 Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara 40. Ba ƙasar da ta taɓa yin irin wannan. Amma tazara tsakanin mai kuɗi da talaka ta ƙaru. Kusan mutum miliyan 300 'yan asalin karkara ne ke aikin ƙwadago a masana'antu da gine-gine, da yawansu kuma ba su da cikakken haƙƙin makaranta da asibiti a biranen da suke, gama rajistarsu ta ƙauye ce. A ƙasar da ake mulki da sunan ma'aikata, ma'aikaci ba shi da ikon kafa ƙungiyar ƙwadago sai wadda jam'iyya ke kula da ita. Ɗaliban da suka taru a dandalin Tiananmen suna neman a sassauta mulki, sojoji ne suka tarwatsa su ranar 4 ga Yuni 1989, aka kashe ɗaruruwan mutane a ƙalla.

To, Wanne Ne?

Ita jam'iyyar tana kiran tsarinta gurguzu mai siffar Sin. A 1987 ta bayyana cewa ƙasar tana zangon farko ne na gurguzu, wanda zai ɗauki aƙalla shekara 100, kuma dole a tara arziki kafin a raba shi. Masu suka suna cewa inda akwai mai jari da ɗan ƙwadago da riba, jari-hujja ne, ko wace irin tuta aka kafa a kansa.

A namu ganin, in aka auna da ma'aunin Marx, abin da ke kasuwannin Sin ya fi kama da jari-hujja na gwamnati. Abin da ya rage na kwaminisanci shi ne tsarin mulkin da Lenin ya bari, wato jam'iyya ɗaya wadda ba a ja da ita. Tarayyar Sobiyet ta sassauta mulki, ta wargaje a 1991. Shugabannin Sin sun ɗauki darasi daga nan, suka saki kasuwa suka riƙe mulki.

Shawararmu ga ɗalibai ita ce, kada suna ya ruɗe ku. In kuka ji an kira wata ƙasa 'yar gurguzu ko 'yar jari-hujja, ku tambaya: wa ya mallaki ƙasa da bankuna? Wa ke tsai da farashi? In mai mulki ya yi kuskure, wa ke da ikon ce masa ya yi kuskure? Mai irin wannan ikon ne aka rasa a 1959, har yunwa ta ci mutane.