Daga ganyen shayin Kakara zuwa tukunyar nukiliyar Zariya: Sana'ar kula da inganci da matasan Taraba ba su waiwaya ba

Duk shekara Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, da Jami'ar Tarayya ta Wukari, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bali suna yaye ɗalibai a fannonin kimiyya da fasaha. Da zarar sun kammala hidimar ƙasa, takardunsu sukan faɗo a teburin wani kawu ko wata gwaggo da ke aiki a Abuja, tare da roƙon a nema musu gurbi. Daga cikinsu akwai masu dogon buri, waɗanda suka ga jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku da makamashin nukiliya a intanet, suka ƙudurta cewa wannan ne aikin da za su yi. Kafin a ba irin wannan matashi amsa, ya kamata a san inda ƙofa take a buɗe da inda take a rufe.

Ƙofar da ke rufe

Rundunar Sojojin Ruwan Najeriya ba ta da jirgi ko ɗaya mai aiki da makamashin nukiliya. Ƙasashe shida ne a duniya suke da jiragen ƙarƙashin teku irin waɗannan: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin da Indiya. Ostareliya ta ƙulla yarjejeniya da Amurka da Birtaniya a 2021 domin ta samu nata, Barazil kuma ta daɗe tana ƙoƙarin ƙera nata. Makarantar da sojojin ruwan Amurka ke koyar da wannan fanni, a Jihar Karolina ta Kudu, galibi ɗan ƙasa take ɗauka, shi ma bayan an tantance shi ta fuskar tsaro. Saboda haka duk wanda ya yi wa matashin Jalingo alkawarin zai sama masa wannan aiki da fasfo ɗin Najeriya, to, ya yaudare shi.

Abin da rundunarmu take da shi daban ne, kuma ba abin rainawa ba ne. Masana'antar ƙera jiragenta da ke Legas ta ƙera NNS Andoni a 2012, da NNS Karaduwa a 2016, da NNS Oji a 2021, dukkansu masu injin dizal. Tana da kwalejin koyar da injiniyanci a Sapele, sannan hafsoshinta suna fitowa daga Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna. A duk inda ake ƙera jirgi kuwa, bayan mai walda akwai wanda zai duba waldar ya sa hannu. A nan ne sana'o'in biyu suke haɗuwa.

Darasin jirgin da ya nutse

Mutumin da ya kafa sashen nukiliya na sojojin ruwan Amurka, Admiral Hyman Rickover, ya shahara da tsanani kan ƙananan abubuwa. A ƙarƙashinsa aka ƙera Nautilus, jirgin ƙarƙashin teku na farko mai aiki da nukiliya, wanda ya fara tafiya a Janairun 1955. Har ya bar aiki a 1982, da kansa yake ganawa da kowane hafsa kafin a ɗauke shi. Jimmy Carter, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, yana cikin waɗanda suka zauna a gabansa.

Duk da haka, ranar 10 ga Afrilun 1963 jirgin Thresher ya nutse a Tekun Atlantika yayin gwajin nitso, mutum 129 suka halaka. Kwamitin bincike ya karkata ga cewa wani haɗin bututun ruwa ne ya ɓalle a ɗakin inji, ruwa ya taɓa kayan lantarki, tukunyar nukiliyar ta kashe kanta kamar yadda aka tsara ta, jirgin ya rasa ƙarfin da zai taso. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido. Bayan wannan hatsari rundunar ta kafa tsarin da ta kira SUBSAFE: kowane ƙarfe da kowane haɗi da ke tsare jirgi daga ruwa sai an san inda aka samo shi, wanda ya haɗa shi, wanda ya gwada shi, kuma a ajiye shaidar a rubuce. Jirgi ɗaya suka sake rasawa, Scorpion a 1968, shi ma bai kammala samun wannan tantancewa ba.

Wannan shi ne ainihin aikin kula da inganci: a rubuta yadda za a yi abu, a yi shi yadda aka rubuta, a ajiye shaidar an yi, idan kuma an samu kuskure a bi sawunsa har tushe. Ma'aunin ISO 9001 da kamfanoni ke alfahari da shi, wanda aka fara fitarwa a 1987, a kan wannan tubali aka gina shi.

Ƙofar da ke buɗe a Zariya

Najeriya tana da tukunyar nukiliya guda, kuma a Arewa take. Tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ƙirar ƙasar Sin ce, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kimanin kilowat 30. Ba ta samar da wutar lantarki, kuma ko da tana samarwa, madatsar ruwa ta Kashimbila da ke Taraba, mai megawat 40, ta ninka ta fiye da sau dubu. Aikinta gwaji ne: a saka ɗan samfurin ƙasa, ko dutse, ko abinci, a haska shi, sannan a karanta sinadaran da ke cikinsa daga hasken da yake fitarwa. Ma'ana, tukunyar nukiliyar Najeriya ita kanta kayan aikin kula da inganci ce. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyam mai ƙarfi sosai zuwa mai rauni, aka mayar da tsohon ƙasar Sin.

Hukumomi biyu na tarayya ke riƙe da wannan fanni. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya an kafa ta da dokar 1976, amma sai 2006 ta fara aiki gadan-gadan, tana kuma da cibiyoyin bincike da suka haɗa da na Zariya, Ile-Ife, Maiduguri, Fatakwal da Sheda a Abuja. Hukumar da ke sa ido kan harkokin nukiliya, NNRA, dokarta ta 1995 ce, ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisi ga asibitocin da ke gasa ciwon daji, da kamfanonin mai, da masu ɗaukar hoton cikin walda da sinadarai masu haske.

Wannan na ƙarshe sana'a ce mai zaman kanta. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, dubban haɗe-haɗen walda ne, kuma ƙa'idar irin wannan aiki ita ce a gwada haɗi da hoto ko da na'urar sauti kafin a binne shi. Matashin da ya karanta fiziks ko injiniyancin ƙarafa a Jalingo ko Wukari, ya ƙara da takardar ƙwarewa a wannan gwaji, ya kama hanyar da ta fi kusa da mafarkinsa na farko.

Abin da ke jira a gida

A kan tsaunin Mambila, a Kakara cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, akwai gonar shayi da masana'antar da ke fitar da Highland Tea. Duk wanda ya san aikin shayi ya san kowane mataki nasa awo ne. Ganye biyu da toho ake tsinkowa. A baza su su yi yaushi, a niƙa, a bar su su sha iska har launinsu ya juya, a busar har laimar da ta rage ta koma kusan kashi 3 cikin 100, sannan a tankaɗe a rarraba. Idan shan iskar ya wuce lokaci ɗanɗano ya tafi. Idan busarwa ta gaza, shayi zai yi fumfuna a cikin kwali kafin ya isa kasuwar Jalingo. Mai kula da inganci shi ne wanda ke da ikon cewa wannan buhu ba zai fita ba, ko da manaja yana jiran mota ta tashi.

Haka abin yake ga shinkafa, riɗi, masara, rogo da wake da jihar ke nomawa. Najeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗarta a wannan fage. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa ya zarce iyakar da ta gindaya. Riɗinmu ma yana cikin kayan da ake tsaurara wa bincike a can saboda ƙwayar cutar salmonela. Manomin da ya zuba magani a rumbu domin ya tsare wakensa daga ƙwari bai san da wata doka ta Turai ba. Wanda ya kamata ya tsaya tsakaninsa da tashar jiragen ruwa, da ma'auni da ɗakin gwaji, shi ne ba a ɗauka aiki ba.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, wadda aka kafa a 1971 aka kuma sabunta dokarta a 2015, ta wajabta wa masu ƙera kaya a cikin gida tantancewar MANCAP kafin su kai kasuwa. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke rajistar abinci da magani da ruwan leda. Amma jami'in hukuma baƙo ne a masana'anta: ya zo, ya duba, ya tafi. Wanda ke wurin kullum, yana auna ruwa da safe, yana duba ranar ƙarewar kaya, yana rubuta abin da ya gani, ma'aikacin kamfanin ne. Kowace ƙaramar masana'antar ruwan sha, ko gidan burodi, ko injin casar shinkafa a Jalingo tana buƙatar irin wannan mutum.

Hanyar shiga

Mai son wannan layi zai iya farawa da digiri ko babbar difloma a kemistiri, kimiyyar abinci, ilimin ƙananan halittu, ƙididdiga ko injiniyanci. Bayan haka sai horon binciken tsarin inganci na ISO 9001, ko ISO 22000 ga masu harkar abinci, ko ISO 17025 ga ɗakunan gwaji. SON da kanta tana shirya irin waɗannan kwasa-kwasai. Injiniya kuma sai ya yi rajista da COREN. Mai sha'awar nukiliya ya riƙe fiziks da lissafi da kyau, ya nemi digiri na biyu a Zariya ko Ile-Ife, ya kuma sa ido kan guraben horo na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana, waɗanda ta hannun gwamnati ake nema.

Sai dai takarda rabin aikin ce. Ɗaya rabin hali ne. Mai kula da inganci yakan zama bare a cikin abokan aikinsa, domin shi ne mai dakatar da kaya, mai mayar da aiki baya, mai ƙin sa hannu. A wurin da mai gida zai iya sallamarsa da baki, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma ya kamata iyaye su faɗa wa 'ya'yansu haka tun da wuri.

Rabon masu riƙe da alƙalami

Ma'aikatan tarayya da mataimakan masu riƙe da muƙamai suna da hannu a wannan magana fiye da yadda suke zato. Su ke rubuta sharuɗɗan kwangila a ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007. Su ke sa hannu cewa kaya sun iso daidai. Su ke tsara kasafin da zai saya wa jami'a na'urar gwaji, ko ya manta da kuɗin gyaranta. Duk lokacin da ma'aikata ta nace sai ta ga sahihiyar shaidar gwaji kafin ta biya ɗan kwangila, ta tilasta masa ɗaukar wanda zai yi gwajin. Duk lokacin da aka kau da kai kuwa, an rufe gurbin aiki guda, an kuma bar haɗin da ba a duba ba a ƙarƙashin ƙasa.

Gwamnati ta daɗe tana maganar gina tashar lantarki ta nukiliya, har an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, an kuma sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Idan ranar ta zo, mutanen da za a damƙa wa tashar za su fito ne daga cikin waɗanda suka saba auna laimar shayi a Kakara da duba walda a kan hanyar Kano, suka kuma saba rubuta gaskiyar abin da ma'auni ya nuna. Saboda haka idan takardun ɗan'uwa daga Jalingo suka iso teburinka a wannan shekara, kafin ka fara buga waya neman gurbi, tambaye shi ko ya taɓa jin labarin ISO 9001, ka kuma nuna masa hanyar Zariya.